Yadda Amurka Ke Biyan Manomanta Tallafi Gunduma-Gunduma

Gundumar Gaines tana yammacin jihar Texas, hedikwatarta garin Seminole. Ƙasa ce mai rairayi da ƙarancin ruwan sama, amma da ruwan rijiyoyin burtsatse ta shiga sahun gaba wajen noman auduga da gyaɗa a Amurka. Tana kuma cikin gundumomin da suka fi karɓar tallafin noma daga gwamnatin tarayya. Ta yaya ake lissafa waɗannan kuɗi?

Tsarin ya samo asali a 1933, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Gwamnatin Franklin Roosevelt ta biya manoma don su rage noma, har aka bi da garma ta kan auduga kimanin eka miliyan 10 da ta riga ta tsiro. Tun daga nan majalisar dokoki ke sabunta dokar noma kusan duk shekara biyar.

Dokar 2014 ta ba manomi zaɓi biyu. Na farko ya danganci farashi. An tsayar da dala 535 a kan tan ɗin gyaɗa, da dala 3.70 a kan awon masara na kimanin kilo 25. In matsakaicin farashin shekara ya gaza haka, gwamnati ce ke cike giɓin.

Na biyu kuwa gunduma yake dubawa. A ɗauki amfanin da eka ɗaya ta bayar a gundumar cikin shekara biyar, a cire shekarar da ta fi albarka da wadda ta fi muni, a haɗa da farashi don fitar da ma'auni. A dokar 2014, in kuɗin shigar shekara ya yi ƙasa da kashi 86 cikin ɗari na ma'aunin, sai a biya. Saboda haka wanda gonarsa ta yi kyau yana iya samun kuɗi don maƙwabtansa sun yi asara, wanda ƙanƙara ta lalata wa gona kuma ya tashi hannu rabbana don sauran gundumar ta wadata. Kuɗin ma ba ya shiga asusu sai Oktoban shekara mai zuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tarihin gona ake bi, wato yawan ekar da aka yi wa rajista a ofishin hukumar noma na gunduma da abin da aka saba shukawa a can baya. Mai eka dubu uku ya fi mai eka ɗari samu nesa ba kusa ba. Dokar 2014 ta ƙayyade dala 125,000 ga mutum ɗaya a shekara, amma in gonar ta haɗin gwiwa ce, kowane abokin tarayya yana iya karɓar nasa. Ƙungiyar EWG, mai tattara bayanan biyan tun daga na 1995, ta nuna cewa kashi 10 cikin ɗari na masu karɓa sun kwashe wajen kashi uku cikin huɗu na kuɗin. Mai hayar gona kuwa, yawanci mai fili kan ƙara masa kuɗin haya gwargwadon tallafin: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu noman kayan lambu ba sa cikin waɗannan shirye-shirye biyu.

Tasirin bai tsaya a Texas ba. A 2003 Chadi, Mali, Benin da Burkina Faso sun koka a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya cewa tallafin Amurka yana karya farashin audugarsu. Brazil ta yi ƙara ta ci nasara, aka sasanta a 2014 da biyan ta dala miliyan 300, aka kuma cire auduga daga shirye-shiryen biyu. Sai dai a 2018 majalisa ta mayar da ita, wannan karon da lissafin audugar da ba a gurje ba.