Daga Gafakar Kaka Zuwa Taskar Intanet

A ranar 6 ga Afrilu, 1941, jiragen yaƙin Jamus suka yi wa birnin Belgired ruwan bama-bamai, babban ɗakin karatu na ƙasar Sabiya ya ƙone ƙurmus da littattafai kimanin 500,000. A 1997 wani marubuci, Zoran Stefanovic, ya kafa taskar Rastko a intanet, inda ake adana adabin Sabiyawa da tarihinsu, kowa ya karanta kyauta.

Mu a ƙasar Hausa, abokan gabar takardunmu su ne gara da ɗigon damina da gobara. A garuruwa irin su Kunci, akwai gidajen malamai masu gafaka cike da waƙoƙin ajami, da wasiƙu, da lissafin gado. Yawancinsu kwafi ɗaya tak ne. In ya lalace, shi ke nan.

Maganin ba wuya. Ana shimfiɗa takarda, a ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta sunan marubuci da garinsa, sannan a ajiye hotunan a kwamfutoci daban-daban. Takarda kuwa tana nan a hannun mai ita. Haka Jami'ar Boston ta Amurka ta yi, ƙarƙashin Farfesa Fallou Ngom, ta tara rubuce-rubucen ajami na Afirka, har da na Hausa.

Saboda haka, ɗalibi, in ka je hutu, nemi izinin kakanka ka buɗe gafakarsa. Rigakafi ya fi magani.