Manyan kasuwannin Luksambur

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa jin sunan Luksambur? Wata ƴar ƙaramar ƙasa ce a Turai, tsakanin Faransa, Beljika da Jamus. Tsawonta kilomita 82, faɗinta kilomita 57. Mutanenta sun ɗara dubu 650. Birnin Yamai kaɗai ya fi ta jama'a. Amma in ka ga kasuwanninta, sai ka riƙe baki.

Ba kasuwa ba ce mai rumfuna. Gini ne guda, ƙato, a rufe, ba ruwanka da sanyi ko ruwan sama. Ciki kantuna ne jere: na abinci, na tufafi, na takalma, na magani. Waje kuma ga filin ajiye motoci. Ka tura ɗan keken zuba kaya, ka ɗauki abin da kake so, ka biya a bakin ƙofa. Babu tayi, babu albarka. Kuɗin kowane kaya a rubuce yake.

A shekarar 1974 aka buɗe guda biyu, Belle Étoile da City Concorde, a garin Bertrange, kusa da babban birni. A 1996 aka buɗe ta unguwar Kirchberg. A 2019 aka ƙara ta Cloche d'Or, mai kantuna sama da 100. Can arewa, dab da iyakar Beljika, akwai Knauf da Massen, cikin ƙananan ƙauyuka.

To, wa ke sayen duk wannan kaya? Ba ƴan ƙasa kaɗai ba ne. Mutum sama da dubu 200 ke aiki a Luksambur amma gidajensu suna ƙasashen maƙwabta. Su shigo da safe, su koma da yamma, da yawa kuma sai sun biya kasuwa. Na biyu, haraji. Abin da gwamnati ke ɗorawa bisa kuɗin yawancin kaya kashi 17 ne cikin 100. A Jamus 19 ne, a Faransa 20, a Beljika 21. Man mota da taba ma sun fi araha. Shi ya sa ake gina kasuwa a bakin iyaka: inda mai saye ke wucewa, nan mai sayarwa ke kafa rumfa.

Amma fa akwai wanda abin ke ci. Mai ƙaramin kanti cikin gari yana biyan haya mai tsada, kuma ba shi da filin motoci. In jama'a suka koma bayan gari, cinikinshi ya ragu. In ya rufe, tsohuwar da ba ta da mota ta rasa kanti kusa da gida.

Tambayoyi
1. Waɗanne ƙasashe ne ke kewaye da Luksambur?
2. Don mi ake gina kasuwa a bakin iyaka?
3. Wa ke samun riba, wa ke asara?