Mutuwar Ƙwayoyin Halitta da Zaizayewar Ƙashi a Ciwon Sukari

Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi busasshen abu ne, kamar dirkar ɗaki, in an kafa shi ke nan. Al'amarin kuwa ba haka yake ba. Ƙashi rayayye ne, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo, har masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi ne ake sabuntawa a kowace shekara.

Ƙwayoyin halitta iri uku ne suke riƙe da wannan aiki. Akwai masu rushewa, waɗanda suke narkar da tsohon ƙashi su bar rami. Akwai magina, masu cike ramin da zaren furotin da ake kira kolajin, sa'an nan kalsiyam ya hau kansa ya daskare. Na uku su ne masu gadi, watau maginan da gininsu ya binne su a cikin ƙashi. Su ne suka fi kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin ƙashi, kuma su ne suke jin inda aka sami tsaga su kira a zo gyara.

Kowace ƙwaya tana da ajalinta. A shekarar 1972 wasu masana uku a Jami'ar Abadin ta ƙasar Sikotilan, Kerr da Wyllie da Currie, suka bayyana yadda ƙwaya take kashe kanta bisa tsari idan aikinta ya ƙare ko ta lalace, suka laƙaba wa abin wata kalmar Girkanci mai nufin zubewar ganye daga bishiya. Wannan mutuwa ba cuta ba ce. Cutar tana zuwa ne sa'ad da ganye ya zube tun damina ba ta wuce ba, abin da ciwon sukari yake jawowa ke nan.

Hanyoyin da yake bi guda uku ne. Ta farko, sukarin da ya daɗe da yawa a jini yakan manne wa kolajin, ya mai da shi mai gautsi, kuma abin da wannan mannewa ta haifar yakan tunzura magina su kashe kansu. Ta biyu, ƙona sukari fiye da kima yana fitar da wasu sinadarai masu cin ƙwaya kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe, ga kuma kumburi wanda ba ya lafawa da wuri. Ta uku, insulin kansa yana ƙarfafa magina, saboda haka rashinsa yana rage musu kwana.

In magina suka mutu da wuri, ramin da aka haƙa ba ya cika. In masu gadi suka mutu, maƙwabtansu sukan saki sinadarin da yake kiran masu rushewa. To, ginin da ruwa yake ci kowace damina ba a yi masa yaɓe, ƙarshensa sananne ne.

Ana ganin sakamakon a wurare uku. Masu ciwon sukari nau'i na 1, wanda ya fi kama yara da matasa, haɗarin karayar ƙugu a gare su ya kai wajen ninki shida na sauran mutane, kamar yadda nazarce-nazarcen da aka tattara a 2007 suka nuna. Karaya kuma takan daɗe ba ta ɗoru ba. Haka nan ciwon dasashi yakan cinye ƙashin muƙamuƙi har haƙora su yi girgiɗi, shi ya sa a 1993 Harald Löe ya kira shi illa ta shida ta ciwon sukari.

Abin lura ga ma'aikatan lafiya shi ne nau'i na 2, wanda ya fi yawa a tsakanin manya. A nan na'urar auna kaurin ƙashi takan nuna ƙashi a cike, wani lokaci ma fiye da na mai lafiya, amma duk da haka karaya ta fi yawa, domin na'urar ma'adini take aunawa, ba ingancin kolajin ko lafiyar masu gadi ba. Saboda haka kyakkyawan sakamakon awo bai isa a saki jiki ba. Daidaita sukarin jini, da motsa jiki, da cin abinci mai kalsiyam kamar nono da zogale, da kai haƙora ga likita a kan lokaci, su ne suke tsawaita kwanan magina.