Cinikin Tufafin Saƙa a Kasuwannin Ƙauye

Gabatarwa

Idan ana zancen saƙa a ƙasar Hausa, hankali yakan tafi ga turkuɗin Kura da marinar Ƙofar Mata ta Kano, ko ga bayanin da Heinrich Barth ya yi a kan masaƙar Kano bayan ya ziyarci birnin a 1851. Sai dai yawancin suturar talakawa, wato zane da gwado da bante da likkafani, a kasuwar ƙauye ake cinikinta, kafin zuwan Turawa.

Daga Gona Zuwa Kasuwa

Manomi ne ke noma auduga. Mata su gurje ta, su shiɓe, sannan su kaɗa zare da mazari. Mai kauri shi ne abawa. Ran kasuwa sai mace ta aika da zarenta a sayar wa masaƙi, shi kuwa ya saƙa fari ƙwarya-ƙwarya, a harhaɗa a ɗinka. Wanda ke son baƙi ya kai wa marini a tsoma a baba. Ke nan zane ɗaya yakan ciyar da gida huɗu ko biyar. Da kuɗin kaɗi ne mata da yawa suke tara wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Yadda Ake Ciniki

Da kamu ake auna tsawon saƙa, a biya da wuri ko a yi musaya da hatsi. Ciniki ya fi kankama da kaka da rani, lokacin da aka cire amfanin gona, bukukuwa suka yawaita. A yankuna irin su ƙasar Zuru, inda Dakarkari da maƙwabtansu suka daɗe suna ɗaura warkin fata, 'yan koli da fataken Hausawa sun taimaka wajen yaɗa tufafin auduga. Manyan kasuwanni kamar Jega da Yawuri su ne suke haɗa ƙananan kasuwanni da hanyoyin fatauci masu nisa.

Kammalawa

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, akoko da atamfa na Turai suka yi ta kwararowa, sana'ar ta riƙa ja da baya, kalmominta ma suna ɓacewa daga bakin yara. Wajibi ne malamin Hausa ya tura ɗalibansa wurin tsofaffin masaƙa da makaɗiya, su rubuto sunayen kayan aiki irin su ƙoshiya da allera da takala, tun masu saninsu suna raye.