Idon Kaza a Bakin Komadugu

Kaza ba ta kallon mutum gaba da gaba. Sai ta karkata kai, ta ɗora maka ido ɗaya, ta ɗan yi jim, sannan ta koma tononta. Bahaushe ya ga haka ya ce raini ne, shi ya sa wanda aka yi wa kallon hadarin kaji ya san an gama da shi. Alhali kazar ba ta raina kowa ba. Idanunta a gefen kai suke, ɗaya gabas ɗaya yamma, suna kwaso mata kusan digiri 300 na abin da ke kewaye da ita ba ta ko juya ba. Abin da ke sama kuwa, hadari ne ko shaho, sai ta kwantar da kai kafin ta gan shi sosai.

Idanun biyu ma ba aikinsu ɗaya ba. Tun cikin ƙwai ɗan tsako yake kwanciya idonsa na dama na fuskantar ɓawo, haske na ratsowa, na hagu kuwa jikinsa ya rufe shi. Binciken Lesley Rogers a Ostireliya ya nuna cewa daga nan rabon aiki ke farawa: na dama ya fi iya raba tsaba da tsakuwa, na hagu shi ne mai gadi, mai lura da inuwar da ke giftawa. Launi kuwa ta fi mu ganinsa, don ƙwayoyin gane launi iri huɗu ke idonta, mu uku gare mu. Amma da rana ta faɗi an ci ta da yaƙi, dundumi ya sauka, ko yaro ya ɗauke ta daga kan katanga ba ta ce uffan ba. Ana cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa. Ni dai ina ganin an zalunce ta. Duhu ne ya hana ta ci. Malamai kuma kan tuna mana hadisin da ya ce zakara na cara ne don ya ga mala'ika, sai a roƙi falalar Allah. Idon da aka yi wa wannan shaida bai cancanci a zuba masa kananzir ba, amma ana zubawa.

A Diffa kaza ba abin wasa ba ce. Tun hare-haren Bosso da Diffa na watan Fabrairun 2015, mutane da yawa na bakin kogin Komadugu suka bar garuruwansu, wasu suka zauna a gefen babbar hanyar kwalta, wasu a sansanin Sayam, wasu a gidajen dangi cikin gari. Wanda ya rasa shanu ba ya mayar da su a shekara ɗaya, amma mace na iya farawa da kaza guda da ƙwai goma. Da ita ake sayen sabulu, da ita ake biyan maganin yaro, ita ake yanka wa baƙo, don sabo da kaza ba ya hana yanka. Irin wannan kaza ba a kai mata abinci har baki, ita ke nema. Ranar da idonta ya rufe, ranar ta daina ci, ko da cutar ba mai kisa ba ce.

To, da ido ya rufe sai ka ji uwar gida ta ce, "Ido ne ya kama ta." Magana ɗaya, amma cututtukan da ke ƙarƙashinta sun fi biyar, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan. Sai an kama kazar an zauna. A naɗe ta da tsumma, fukafukai a ciki, a fita da ita haske, a sa babban yatsa a ja fatar idon ƙasa a hankali. A shinshina hancinta, a buɗe bakinta. Sannan a ɗaga kai a dubi sauran: ita kaɗai ce, ko su da yawa ne?

In ido ɗaya ne, kazar kuma na ci tana sha, galibi rauni ne: saran zakara, ƙaiƙayi, ko yashin da iskar hunturu ke kwasowa daga wajen Nguigmi. Kaza na da wata siririyar fata ta uku da ke share ido daga gefe zuwa gefe, amma ƙurar hunturu kan fi ƙarfinta. Wannan mai sauƙi ne. A tafasa rabin lita na ruwa, a sa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ya huce, a wanke idon safe da yamma da auduga mai tsabta, a sa man ido na tetrasaikilin da ake samu a shagon magani. Kusa da wannan akwai laifin akurki. Saboda tsoron sanyi da muzuru sai a toshe shi ruf, kashi ya taru, warin ya riƙa cin idanun kaji duk dare. In ka leƙa akurki idonka ya yi yaji, nasu ya daɗe da yi.

Ƙuraje ma suna damun kajin bakin kogi sosai. Ruwan Komadugu daga nesa yake zuwa, daga kogunan Haɗeja da Jama'are, shi ya sa yake cika bayan damina ta wuce, ga kuma fadamun shinkafa da na tattasai da ake ba ruwa. Sauro ya samu wurin zama, shi ne kuma ke ɗaukar cutar daga wannan kaza zuwa waccan. Za ka ga ƙananan ƙuraje a zanko da gefen baki da fatar ido, su yi ɓawo baƙi, har su liƙe idon. Babu ƙwayar da ke kashe wannan cuta, kuma ɓamɓare ƙurjin da farce ɓarna ce. A jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi, a shafa aidin a kan ƙurjin kada ya shiga ido, a riƙa tsoma mata baki a ruwa da dusa har ta buɗe ido. Cikin 'yan makonni yawancinsu kan warke. Mai haɗari ita ce wadda ta shiga baki da maƙogwaro. Kada kuma a rikita ƙuraje da ƙuman kaji, baƙaƙen ɗige-ɗigen nan da ke maƙalewa kewayen ido suna shan jini. Su ne ake wa kananzir ko baƙin mai. Basilin ya isa, a shafa a kansu su shaƙe, a share akurkin a ƙone sharar.

Fuska ta kumbura, ido na kumfa, hanci na yoyo da ɗoyi, kaji na atishawa da dare: wannan mura ce mai yaɗuwa, tana son maganin da likitan dabbobi zai auna, ba rabin kafso da aka farke cikin kasko ba. Wadda ta warke kan ci gaba da ɗauke da cutar, don haka sabuwar kazar da aka sayo kasuwa a ware ta mako biyu. Mai saye kan ɗaga kaza ya ji nauyi, ya hura gashin ƙirji, ya manta da ido. Akwai kuma siririyar tsutsa fara da ke ɓuya ƙarƙashin fatar nan ta uku, kazar ta yi ta soshe ido da ƙafa. Daga kyankyason da ta ci take samunta.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ciwon idon rani, don maganinsa na shanye a ƙofar gida. Kazar da ke rayuwa kan dusar gero da farar dawa, babu ɗanyen ganye, takan rasa bitamin A. Sai wani farin abu mai kauri kamar awara ya taru cikin idon, ba wari, ba zazzaɓi. Ganyen zogale na maganinsa, jar masara ma haka. Jan tattasan da Diffa ta yi suna da shi kuwa cike yake da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma tsuntsu ba ya jin yaji irin yadda muke ji. Tsofaffin da ke barbaɗa barkono a abincin kaji ba su yi wauta ba. Wautar ita ce a zaci zai tsayar da annoba.

Annobar ita ce ta Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Jaba da kuma garin da ta ci sunansa a Ingila. Ita ce ke share gida lokacin hunturu: ido ya yi ja ya kumbura, koren zawo, numfashi da ƙyar, wuya ya murɗe, a wayi gari akurki ba mai cara. Murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Magarya a 2006, haka take kama, sai dai zanko kan yi shuɗi. Duk biyun ba su da magani. In kaji na mutuwa da yawa cikin kwana biyu, kada a yanka, kada a ruga da sauran kasuwa a raba wa mutane masifa. A binne matattun da zurfi, a sanar da ma'aikatar kiwo.

Rigakafin Niyukasil kuwa, abin mamaki, ta ido yake shiga. Nau'in I-2, da aka samar a Ostireliya don kajin ƙauye, ya fi sauran jure zafi, kuma ɗigo ɗaya ne a idon lafiyayyar kaza. A riƙe kanta a karkace har ta ƙifta ɗigon ya shige. Bayan idon akwai wata 'yar ƙaba da ke karɓarsa ta tayar da garkuwar jiki. Ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu, kuma ba ya tashin wadda ta riga ta kwanta, ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayenmu mata na Diffa da Shetimari da Maine-Sorowa, ku haɗa kai unguwa-unguwa, kwalba ɗaya ta ishi gidaje da yawa, ku kira ma'aikacin kiwo tun Oktoba kafin iska ta juya.