GARUN DUTSE DA DARASIN DA KE CIKIN TSOFAFFIN BIRANEN FARANSA

Tun ran 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse hedkwatarta, garin yake ta bunƙasa ba ƙaƙƙautawa. An gina sakatariya, an shimfiɗa tituna masu hannu biyu, an kafa jami'ar tarayya a 2011, ga kuma filin jirgin sama. Ma'aikaci ko ɗalibin da ya taso daga Garki ko Ringim ko Jahun, abin da yakan fara gani ke nan, har ya zaci Dutse garin jiya ne. Alhali kuwa can tsakanin duwatsu akwai Garu, watau tsohon garin, inda fadar Sarki take, wanda ya girmi sakatariyar da ɗaruruwan shekaru.

Bisa ga labarin da aka gada daga kakanni, wani maharbi mai suna Duna Magu ne ya fara zama a wurin saboda yawan gada, daga nan aka sami sunan Dutse Gadawur. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Sarki kuwa ba ya neman surukuta da ƙauye, saboda haka ke nan tun a wancan zamani Dutse gari ne da ake shakkarsa. Har wa yau tarihin masarautar ya nuna cewa wani jarumi mai suna Ada ya mallaki garin wajen 1732, ya kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi 12. Bayan haka aka yi jihadi a farkon ƙarni na 19, mulki ya koma hannun Fulani, Dutse ta zauna ƙarƙashin Kano.

To, tambayar ita ce, mutum nawa ne cikin masu zirga-zirga a Dutse yau za su iya nuna inda ko da ƙofa ɗaya take daga cikin goma sha biyun nan? Ganuwar ƙasa ba ta jure sakaci. Damina na cinta, masu gini na ɗibar ƙasarta, sabon titi kuma in ya zo ba ya tambayar abin da ya tarar.

ABIN DA YA FARU A FARANSA

Mutanen Faransa sun taɓa tsayawa daidai inda muke tsaye yanzu, kuma sun bi hanyoyi biyu dabam-dabam, kowace da sakamakonta.

Hanya ta farko ita ce ta birnin Faris. Daga 1853 zuwa 1870 wani babban jami'i mai suna Haussmann, bisa umurnin Sarki Napoleon na Uku, ya rushe tsofaffin unguwanni masu ƙananan lunguna, ya fasa manyan tituna miƙaƙƙu, ya gyara hanyoyin ruwan sha da na ƙazanta. Babu shakka birnin ya sami iska da lafiya, amma dubban gidaje na zamanin da sun tafi har abada, talakawa masu yawa kuma tilas suka koma bayan gari.

Hanya ta biyu ita ce ta Karkason, wani tsohon birni a kudancin ƙasar, mai ganuwa riɓi biyu ta dutse wadda tsawonta ya kai kilomita 3, da hasumiyoyi 52. Da zamanin yaƙinsa ya wuce sai aka yi watsi da shi, mutane suka riƙa ciro duwatsunsa suna gina gidajensu, har a tsakiyar ƙarni na 19 aka kusa rushe shi baki ɗaya. Wani ɗan garin mai son tarihi, Cros-Mayrevieille, shi ya tashi tsaye ya hana, ya sami goyon bayan marubucin nan Prosper Mérimée, wanda a lokacin shi ne sufeton kayan tarihi na ƙasar. Daga 1853 magini Viollet-le-Duc ya kama aikin gyaran ganuwar. A 1997 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, yanzu kuwa baƙi ne ke ciyar da garin.

Faransawa ba su tsaya ga kishin mutum ɗaya ba. A 1913 suka kafa doka wadda ta hana taɓa duk ginin da aka yi wa rajista sai da izinin hukuma. A 1962 suka ƙara wata, wadda ta kare unguwa sukutum da lungunanta, don sun gane cewa tsohon gini ba ya da armashi in an share duk abin da ke kewaye da shi.

Kada mai karatu ya ce ai wannan dutse ne, namu kuwa ƙasa. Tsohon garin Agadas a Jamhuriyar Nijar da jar ƙasa aka gina shi, da masallacinsa da doguwar hasumiyarsa, amma ya shiga jerin nan na UNESCO a 2013. Sirrinsa shi ne yaɓe a kan kari.

AIKIN DA KE GABANMU

Mu ma muna da doka. Tun 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, kuma zane-zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, suna cikin abubuwan da take karewa. Amma hukuma ba ta kare abin da ba a rubuta ba.

Nan ne aikin ya faɗo kan ma'aikata. Jami'in safiyo da na tsara gari su ne ke riƙe da taswira, su ne kuma ke sa hannu kafin a ba da fuloti ko izinin fasa dutse. Ya kamata a bi sawun tsohuwar ganuwar Garu, a auna ta, a sa ta cikin taswirar gari, a kafa alama a gurbin kowace ƙofa da sunanta. Idan za a raɗa wa sabon titi suna, a duba ko akwai tsohon sunan da wurin ya gada kafin a ɗora wani.

Ɗalibai kuma nasu aikin ba ya bukatar kasafin kuɗi. Littafi da alƙalami sun isa. A Garki da Ringim da Kiyawa da sauran garuruwa akwai dattawan da suka san inda tsohuwar kasuwa take, da marina, da maƙera, da dalilin sunan kowace unguwa. Wanda zai rubuta kundin kammala karatu ya je ya zauna gabansu tun suna raye, ya rubuta, ya kai kwafi ɗakin karatu da fadar hakimi.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dutse na da damar da Faris ba ta samu ba, domin filin sabon gini yana nan a yalwace, ba sai an taka tsohon gari ba. Abin da ya rage shi ne a shata iyakar Garu a takarda kafin wata damina ta sake cin abin da ya saura.