Basirar da Ta Wuce Kima a Ƙagaggun Labaran Kimiyya: Nazari Daga Mahangar Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wani jigo na ƙagaggun labaran kimiyya, wato labarin mutumin da aka ninka masa kaifin ƙwaƙwalwa har ya zarce tsararsa. Ta auna jigon da yadda Bahaushe yake bambance wayo da basira da hankali, tare da kawo misali daga rayuwar manoman arewacin Jihar Kano.

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne wanda marubuci yake ɗaukar wani sauyi da kimiyya za ta iya haifarwa, ya bi diddigin abin da zai biyo baya a rayuwar mutane. Adabin Hausa ya san wannan fanni tun shekarar 1969, lokacin da aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda wani baƙo daga sararin samaniya ya tafi da yaro Kilba yawon buɗe ido. Kafin nan, a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, an ga akun da fasaharsa ta kai shi ga sarautar waziri. Sai dai a waɗannan littattafai biyu, fifikon sani yana hannun wata halitta ce daban. Jigon da ake magana a kansa a nan ya shafi ɗan Adam gama-gari, wanda aka wayi gari ya fi iyayensa da malamansa fahimta nesa ba kusa ba.

2.0 Yadda Jigon Yake Fitowa

Fitaccen misali shi ne Flowers for Algernon na Daniel Keyes, marubuci ɗan Amurka, wanda ya fito a matsayin gajeren labari a 1959, aka faɗaɗa shi ya zama littafi a 1966. Tauraronsa, Charlie Gordon, mai raunin fahimta ne da yake aikin ƙarfi a gidan burodi. Masu bincike suka yi masa tiyatar da suka riga suka gwada a kan wani ɓera mai suna Algernon. Cikin 'yan watanni ya koyi harsuna, ya fi waɗanda suka yi masa aikin sani. Da basirar ta zo sai ya gane cewa abokan aikinsa dariya suke yi masa tun da can. Su kuma suka tsorata da shi har suka sa aka sallame shi. Daga bisani shi da kansa ya gano cewa basirar ba za ta ɗore ba. Labarin yana cikin sigar rahotannin da Charlie yake rubutawa, saboda haka mai karatu yana ganin rubutunsa yana gyaruwa, sannan yana sake lalacewa.

Poul Anderson ya bi wata hanya a Brain Wave na 1954. A nan duniya ce ta fita daga wani yanki na sararin samaniya da ya daɗe yana danne ƙwaƙwalwar halittu, sai basirar mutane da ta dabbobi ta ƙaru lokaci guda. Ma'aikata suka watsar da ayyukan da suka raina, dabbobi suka fara kwance kansu daga turke, aka bar wani ɗan ƙodago mai suna Archie Brock da kula da gona. Tambayar da labarin ya ɗora ita ce wa zai yi noma idan kowa ya ga ya fi ƙarfinsa.

Wasu labaran kuwa a kan kuskure aka gina su. Fim ɗin Lucy na 2014 ya dogara da camfin cewa mutum kashi 10 cikin ɗari na ƙwaƙwalwarsa kawai yake amfani da shi. Binciken likitanci ya nuna cewa kowane sashe nata yana da aikinsa.

3.0 Wayo, Basira da Hankali

Harshen Hausa bai tara waɗannan baiwa a kalma ɗaya ba. Wayo shi ne na Gizo a tatsuniya, wanda yake cin riba yau, gobe ya sha kunya. Basira ita ce saurin fahimta da hangen abin da ya ɓuya. Hankali kuwa ya haɗa da natsuwa da kunya da sanin matsayin kowa. Shi ya sa yaron da aka ce yana da hankali ba lalle ne ya zo na ɗaya a aji ba. Idan aka auna Charlie da wannan sikeli, za a ga cewa tiyata ta ba shi basira cikin gaggawa, amma hankalin zama da mutane, wanda sai da shekaru ake tara shi, bai zo tare da ita ba.

Burin buɗewar ƙwaƙwalwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Iyaye sukan nemo wa ɗalibi rubutun sha domin ya sami sauƙin hadda. Amma ana neman wannan ne tare da albarka, kuma ana auna mahaddaci da ladabinsa ga malaminsa da amfanin da ya yi wa jama'a.

4.0 Karkarar Arewacin Kano

A yankunan Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Dawakin Tofa, gona tana manne da gona, kuma ana noma fili ɗaya kowace damina ba hutu. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano mai cunkoson jama'a tun shekarun 1960, ya nuna cewa ƙasar ta ci gaba da ciyar da mutanenta saboda dabarun manoma. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Ana adana harawa don tumaki da awaki, a mayar da takinsu gona da rani. Ana barin gawo ya tsaya, domin yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana. Babu wani gwani ɗaya da ya ƙirƙiro wannan sani. A warwatse yake tsakanin maigida a gandu da matan da suke kiwo a cikin gida da dattijan da suka ga shekarun fari, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A wannan yanki ne kuma gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantar sakandaren kimiyya ta Dawakin Tofa a 1977, tare da ta Dawakin Kudu, domin zaɓo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa. Tsarin ya samar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Ba tiyata aka yi wa kowa ba, amma ɗan manomin da karatu ya kai shi nesa yakan fuskanci wani abu mai kama da na Charlie. Yakan dawo gida da sanin da mahaifinsa ba shi da shi, alhali shi kuma bai san wane gefe na gonar gado yake riƙe laima ba. Ko ya raina na gida, ko na gida su ɗauke shi baƙo, ko kuma ya sami hanyar haɗa sanin biyu.

5.0 Kammalawa

Abin da ya raya waɗannan labarai shi ne dangantakar mai basira da mutanensa, domin a nan ne ake ganin riba ko asara. Marubucin Hausa da yake son gwada wannan jigo ba ya bukatar aron birnin wata ƙasa. Yana iya sa tauraronsa a wani ƙauye na Ɗambatta, ya ba shi ƙwaƙwalwar da za ta lissafa saukar ruwan sama, sannan ya zaunar da shi a gaban baffansa ranar rabon gona. A wannan zama ne mai karatu zai ga ko basirar ta zo da hankali.